Makullin Kwabo Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, shi ne Mai buɗe duk abin da ya kulle. Wannan takarda daga bakin mahaifinka take, Audu Maƙeri na Birnin Gwari, zuwa ga ɗana Mai sunan Baba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya sa ta same ka lafiya, ya kai ka Kaduna lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin abokin banza.

Za ka yi mamaki, bango ɗaya ya raba ɗakinka da nawa amma sai da takarda zan yi maka magana. Ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, kunya biyu ta haɗu a kanka. Shekara ashirin maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce "zuga" da "miƙo awartaki" ba. Abin da zan faɗa yanzu ya fi ƙarfin wannan, kuma in na dubi idonka ba zai fito ba.

Ran Laraba za ka hau mota ka tafi gareji koyon aikin makanike. Na san abin da ya samar maka wurin nan. Babban makaniken ya ji an ce kai ɗan Mai Makullin Kwabo ne, ya ce ka zo, yana son ya ga yadda ake yi wa mota makulli ba tare da an ga na asali ba. Sau uku ka roƙe ni in nuna maka. Na farko na ce gobe. Na biyu na ce gawayi ya ƙare, alhali buhu biyu na jingine a bayanka. Na uku na daka maka tsawa, ka ajiye masaba ka fita, tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ka ɗauka rowa nake yi maka, ko kuwa ban ga ka isa ba. Ba na son ka hau motar nan da wannan a zuciyarka. Ba rowa ba ce. Ban iya ba ne. Makullin da ake yi mini kirari da shi, ba ni na yi shi ba.

Bari in ba ka labarin daga tushe, da kurakuraina yadda na tafka su, ko ka tsallake ramukan da na faɗa.

A kakar shekarar da aka haife ka, Turawa na haƙar zinariya a dajin nan. Ɗaya daga cikinsu yana da babbar mota mai bodin katako, ita ke yi masa jigilar kaya tsakanin sansaninsa da tashar jirgi ta Funtuwa. A lokacin motocin da ke ratsa garin nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In ta taho, tun tana bayan dutse ake jin gurnaninta, mata su sauke tulu, tsofaffi su kama salati. Ni ma nakan fita kallo, amma da hannu a baya nake tsayawa ina taɓe baki. Maƙeri ne ni ɗan maƙeri, a ganina duk abin da aka yi da ƙarfe a duniya ƙanena ne.

Direban motar sunansa Bawa, Bazazzagi, mutum mai tsabta da yawan fara'a. Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar maƙera a ƙasa, raɓa ta jiƙe masa wando har cinya, fara'ar nan babu ita. Ya tsuguna, ya kwance bakin hankici, ya ajiye wasu 'yan guntayen ƙarfe biyu a kan uwar maƙera. In ka haɗa su ba su kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ya ce, "Maƙeri, rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Makullin mota ne."

Na ce, "Ina motar?"

"Tana daji, kan hanyar Dogon Dawa, bakin rafi. Na tsaya in zuba wa lagireto ruwa. Jiya na ɓalle murfin gwangwanin giris da shi, ashe ya tsage ban lura ba. Yau ina murɗawa sai ya rabu biyu. Da ƙaya na zaƙulo rabin."

Na juya guntayen da yatsa. Na ce, "Yanzu wannan ɗan abin ne ya tsayar da waccan uwar mota?"

Ya ce, "Shi ne. In babu shi, ko shanu goma ka ɗaura mata, ja kawai za su yi, ba za ta yi numfashi ba."

Ya gaya mini jibi Baturen zai sauka daga jirgi a Funtuwa, dole ya tarar da mota tana jiransa. Sabon makulli kuwa sai an rubuta takarda Ikko, in babu a can sai ta jirgin ruwa, kuma tsadarsa ba ta direba ba ce. Kafin ya iso an daɗe da korarsa. Na ce na ji ana haɗa waya mota ta tashi. Ya ja hannun rigarsa ya nuna mini tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwa. Ya ce a haka motar Baturen ta farko ta ci wuta yana ciki, ya rantse ba zai ƙara ba, shi ma Baturen ya ce duk ranar da ya ga an haɗa masa waya sai kotu ta raba su.

Na yi dariya na ce masa ya je ya sha fura, kafin ya gama an gama. Na jera guntayen na duba haƙoransu. Wani dogo, wani gajere, wani wurin giɓi ne zalla. A raina na ce, ka ji aikin Turawa da ake ta zuzutawa, ɗan wannan ma sun bari ya cinye kamar bakin tsohuwa. Na ɗauko baƙin ƙarfe mai kyau, na buga, na goge, na fitar masa da haƙora biyar daidai wa daida, babu wanda ya fi wani. Wallahi ya yi kyau. Har na ɗaga shi sama don masu wucewa su gani.

Muka taka har inda motar take, tafiyar da ta kai mu azahar. Ciyawa ta fi tsayinmu, ƙudan tsando na cizo. Bawa ya sa makullin, ya shiga rabi ya tsaya. Na ce ya matsa, na zaro 'yar masabata zan taimaka masa ya ƙarasa shiga. Ya riƙe mini hannu da hannuwansa biyu. Ya ce, "Maƙeri, don girman Allah. In ka fasa gidan makullin, ni da kai duka mun shiga uku." Sannan ya ɗauko guntayen asali ya kara su da nawa, ya ce, "Ba cinyewa suka yi ba fa. Haka aka yi su. Kowace mota da irin giɓinta, shi ya sa makullin wata ba ya tayar da wata."

Ni da nake gyara bakin fartanya da na gatari, duk abin da na sani shi ne giɓi aibi ne. Ashe akwai ƙarfen da giɓinsa shi ne amfaninsa. To ka ji kuskurena na farko. In an kawo maka abin da ba ka sani ba, kada ka fara da gyara shi. Fara da tambayar me ya sa aka yi shi haka. A cikin inji za ka ga abubuwa a karkace, wani da huji, wani gefe ɗaya ya fi kauri, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ya miƙe su. Hannuna ne ka gada, na san shi. Riƙe shi sai ka tambaya.

Bawa ya kwance gidan makullin daga jikin motar, ya ɗaura wa kowace waya zare don kada ya manta wurinta, muka dawo gari da shi a aljihu. Duk hanya kunya ce ke cina, kuma maƙwabta sun riga sun ga na ɗaga makulli sama da safe.

Muna isa na ce a zuga wuta. Na ce tunda sabo ya ƙi, zan haɗa tsohon, yadda nake haɗa karyayyen lauje. Ina jera guntayen a bakin awartaki sai innarka ta leƙo daga zaure da ƙwaryar ruwa. Ka san ita 'yar maƙerin fari ce daga Damari, masu awarwaro da zobe da batta. Mahaifinta ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, ita ta tashi tana zuga masa. Mu maƙeran baƙi kuwa ba mu ɗauki aikinsu a bakin komai ba, muna ce musu masu wasan yara. Ta ajiye ruwan, ta dubi abin da ke hannuna, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Malam, wannan ba baƙin ƙarfe ba ne. Ba zai jure wutarka ba."

Na ce, "Asabe, koma ki ga tukunyarki."

Ta koma. Na tura guntayen cikin garwashi. Ina jiran su yi ja in ɗauko in buga, sai na ga haƙoran sun lanƙwashe, sun narke, sun dunƙule sun zama kamar ƙwayar gujiya. Ko ƙiftawa uku ba a yi ba. Garin neman gira na rasa ido. Bawa ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ka riƙe wannan da kyau. Abin da ya karye shi ne malaminka, kada ka jefar da shi, kada ka sa shi a wuta, sai sabon ya yi aiki a gaban idonka. Kuma kada ka yi aiki kana jin kunya. Mutane na cewa fushi ke ɓata aiki, ni na ga kunya ta fi shi. Mai jin kunya sauri yake ya rufe abin da ya ɓata kafin a gani, a nan yake ɓata na biyu. In ka yi kuskure a gareji, ajiye kayan aiki, je ka yi alwala, ka dawo.

Washegari bayan na dawo daga masallaci na tarar da innarka ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma inda rana ke fara sauka. Ta gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Sannan ta ce, "Malam, ko za a ara mini gidan makullin nan in gani?" Ba ni da sauran bakin hana ta. Na karɓo daga wurin Bawa a zaure na miƙa mata.

Ta juya shi, ta leƙa bakinsa, ta jijjiga shi a kunne. Ta ɗauko kakin zuma ta danna a bakin, ta cire, ga siffar ƙofar ta fito da 'yar hanyar da ke bi ta gefe. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da kwabo ɗaya, mai hujin nan a tsakiya, wanda ta ajiye don daddawa.

Ta ce, "Buga mini wannan ya yi tsawo ta gefe ɗaya. Ka bar hujin, nan za a sa igiya. Wuta kaɗan, kada ya yi ja sosai."

Na ce, "Ga ƙarfe nan tuli, sai kuɗi?"

Ta ce, "Ƙarfenka ya cika ƙarfin kai. In ya shiga, danne abubuwan da ke ciki zai yi, ba zai saurare su ba. Wannan yana da laushi, in an cije shi yana nunawa."

Na buga yadda ta ce, na sa kurfi, abin da muke sarar ƙarfe da shi, na fitar da 'yar hanyar gefen bisa siffar kakin. Iyakar abin da hannuna ya yi a makullin nan ke nan. Bakinsa sumul, babu haƙori ko ɗaya. Na miƙa mata ina jiran in ga ta inda za ta san giɓin da wuta ta riga ta cinye.

Ta ɗauko tandun kwallinta. Ta ɗiga man shanu kaɗan a yatsa, ta shafa wa bakin ƙarfen kwalli har ya yi baƙi ƙirin. Ta zura shi a hankali, ta murɗa har ya cije, ta ɗan girgiza shi sama da ƙasa, ta zaro. Ta ɗaga shi a hasken rana. Ta ce in matso.

Ɗana, a kan baƙin nan akwai 'yan ɗigo uku masu ƙyalli, ƙanana kamar ƙwayar gero, inda wani abu a ciki ya goge kwallin.

Ta ce, "Ka gani? Nan da nan da nan yake cewa a rage masa."

Na ce, "Wa ke cewa?"

"Shi gidan makullin. Ai ya san makullinsa. Baba in murfin batta ya ƙi zama, baƙi yake shafa masa ya rufe ya buɗe, inda baƙin ya goge nan ne ciwon."

Ta sa magagari ta goga sau biyu a kowane ɗigo, sau biyu kawai, ta sake shafa kwalli, ta sake zurawa. Haka ta yi ta yi. Wani ɗigon ya ɓace ta bar wurin, wani ya ƙi ɓacewa ta yi ta binsa har ya zama rami. Na tsuguna a gefenta ban san ƙafata ta mutu ba. A gaban idona giɓin da na narkar jiya suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, dogo a wurin dogo, gajere a wurin gajere, kuma ba ta ƙirga su ba, ba ta auna su ba. Wani mutum a wata ƙasa bayan teku ya ɓoye sirrinsa a cikin ɗan ƙarfen da ba a ganin cikinsa, ga mace a tsakar gidana tana tambayarsa da kwallin idonta yana ba ta amsa. Na taɓa ganin damisa a dajin nan tsakanina da ita taku goma, ban ji abin da na ji a ranar ba.

Ka yi kuka sau biyu a ɗaki, ta tashi ta ba ka nono ta dawo. Rana ta kusa tsaka sai na ji ƙas. Makullin ya juya. Ta juya shi baya, ta sake juyawa, ta goge shi da bakin zane ta miƙo mini. Ta ce, "A gwada." Ta tashi ta nufi murhu.

Da Bawa ya ga abin da aka yi makullin da shi, sai idonsa ya raina fata. A kansa ana iya ganin sauran rubutun kwabon da rabin kambin Sarkin Ingila. Ya ce, "Maƙeri, kun daki sunan Sarki da masaba. Wannan fa an ce laifi ne babba." Na ce masa in an tambaya, ni na yi, kada ya kuskura ya ambaci iyalina. Allah ya sani a lokacin da zuciya ɗaya na faɗa.

Muka koma daji. Ya mayar da gidan makullin, ya ɗaura kowace waya a wurinta, ya yi bisimilla ya murɗa. Wata 'yar jar fitila ta kama a gabansa. Ya sauka ya zagaya gaba ya juya handal, ƙarfen tayar da inji, sau ɗaya, sau biyu. A na uku dajin nan gaba ɗaya ya amsa. Tsuntsaye suka tashi daga kan maɗaci, birai suka watse, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na tsaya ina kallon ɗan kwabon nan yana lilo da igiyarsa, na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya sa babba a hannun ƙarami. Tun ranar ban ƙara taɓe wa mota baki ba. Bawa ya rungume ni, ya ce me zai biya. Na ce ya ba ni kwabo ɗaya in mayar wa mai daddawa.

Da na dawo gida ta ɗago kai daga turmi ta ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi." Ta ci gaba da dakanta.

Kada ka raina mai magana saboda inda ya tsaya yake maganar. A gareji akwai mai wankin mota, akwai mai gadi, akwai tsohon da ke sayar da goro a bakin ƙofa shekara da shekaru yana jin kukan inji. In ɗayansu ya ce maka, "Anya?" to dakata. Da na dakata lokacin da innarka ta yi maganar wuta, da rabin wahalar nan ba a sha ta ba.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya sa na aiko maka da takarda.

Baturen ya ga makullin. Ba a kai kowa kotu ba. An ce dariya ya yi har ya zauna a kan matakin mota, ya yi ta nuna wa 'yan'uwansa Turawa. Ya aiko aka kira ni, ya sa tafinta ya tambaye ni ko ni na yi. A nan ne ya kamata in ce a'a. Tsoron da ya sa na ɗauki abin a kaina ya riga ya wuce, saura yabo kawai. Na buɗe baki na ce, "Ni ne." Ya ba ni 'yan magagarai ƙanana guda shida a cikin kube na fata. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ranar kasuwa maroƙa suka tare ni: Audu mai makullin kwabo, ka daki sunan Sarki ka kwana gida. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na shiga gida na ajiye mata magagaran a kan tabarma na fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ce a raina gobe zan gyara maganar. Sai goben ta zama shekara. Bayan haka sau huɗu direbobi suka zo da irin wannan matsala, makulli ya ɓata ko ya lalace babu abin kwatance. Kowane nakan karɓi gidan makullin in ce su jira a zaure, aikin yana da asirin da ba a yi a gaban mutane. Su kuwa sun yarda, ai an san maƙera da asiri. In shiga ciki in miƙa mata. In fito ina goge zufar da ba tawa ba.

Za ka ce, to a shekara ashirin me ya hana ni koya? Na gwada a ɓoye, a kan tsohon kwaɗon ƙofa, ya fi a ƙirga. Hannuna ya saba da gatari, inda za a goga biyu sai in goga biyar, kuma ba na bambance cizon gaskiya da gogar banza. Ita kaɗai za ta iya nuna mini, ni kuwa in na zauna a gabanta na ce koya mini, na amsa ke nan da bakina cewa sunan da nake yawo da shi nata ne. Girman kai ya hana ni ilimin da ke kwana a ɗaki ɗaya da ni. Ranar da ka tambaye ni karo na uku, ba kai na yi wa tsawa ba.

Don haka ina yi maka wasiyya. Aikin da ba kai ka yi ba, faɗi mai shi tun a ranar, tun kafin yabon ya huce. Ranar farko kalma ɗaya ce. In ta kwana ta fara nauyi, in ta shekara sai ka ga ka gina gida a kanta. Kuma in ka isa Kaduna babban makaniken ya tambaye ka wa ya koya maka, ka faɗa masa gaskiya ko da za su yi dariya. Za su yi. Ka bari su gama, sannan ka roƙi a ba ka kwaɗo da magagari.

Ka san ban iya boko ba. Malam Iro mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa shi ke rubuta wannan, ga shi nan ya saki baki har tawada ta ɗiga masa a riga. Akwai masu rubutu biyu a garin nan, ɗaya yana da riƙon amana, na tsallake shi da gangan na zo wurin wannan. Ya ce kada in sa haka a takarda, na ce ya rubuta. Kafin la'asar duk Birnin Gwari ta ji, kafin ranar kasuwa an ji har ƙauyen Tabanni. Abin da bakina ya kasa shekara ashirin, nasa zai gama shi a wuni ɗaya.

Saura kwana uku kafin Laraba. Na sayo tsofaffin kwaɗuna biyu. Gobe da hantsi ka ɗauki ɗaya ka je ka zauna a gaban innarka, ka ce ta nuna maka. Idonka sabo ne, hannunka kuma ya fi nawa haƙuri, wannan ita ka biyo. Ɗaya kwaɗon nawa ne. Za ka gan ni a tsugune a gefenka, kada ka tashi don kunya, ni ma ba zan tashi ba.

Jiya na samu innarka tana soya maka ƙuliƙulin guzuri. Na tsaya a kanta har ta ɗago.

Na ce, "Asabe, zan gaya wa yaron nan maganar makulli. Zan gaya wa kowa."

Ta juya abin da ke cikin kasko. Ta ce, "Ashe kana tunawa."

Na ce, "Kullum. Ki yafe mini. Me kike so in yi miki?"

Ta ce, "Na yafe tun tuni, Malam. Sunan kuwa riƙe abinka, ya riga ya saba da kai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Makulli biyar na yi, ban taɓa ganin ko ɗaya a jikin mota ba. Daga tsakar gidan nan nake jiyo kukansu in sun wuce, in ce ko nawa ne a ciki. Ina so in san yadda ake ji a hannu in an murɗa inji ya amsa."

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Na fita na zauna a maƙera, na daɗe ban hura wuta ba.

Na je na ga direban motar Laraba, mun gama magana. Innarka za ta raka ka tasha da lulluɓinta. Za ta hau gaba, kai a gefenta, kuma ita za ta murɗa makullin a gaban duk wanda ya zo kallo. Kada ka kama mata, za ta iya. Za ta bi ku har mashigin rafi na farko, a can za a sauke ta. Masu surutu su yi, na daɗe ina cin yabon da ba nawa ba, in ci ɗan zagi ba komai.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka maigida mai tausayi da abokan aiki masu gaskiya, ya tsare yatsunka daga inji, ya tsare bakinka daga abin da ya kama nawa. Ka riƙe salla, ka riƙa aiko da labari, in ka samu mai zuwa ka sayo wa innarka kwalli mai kyau. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ba zan shiga motar ba, kujerar gaba ba tawa ba ce. In ka waiwaya ka hangi wani tsoho a kan jaki yana bin sawunku daga nesa don ya dawo da matarsa gida, ɗaga masa hannu.

Mahaifinka,
Audu Maƙeri